Saƙon da Ban Kai wa Mama Noi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Ina rubuto miki ne daga ɗakinmu na unguwar Al Ras a nan Dubai, wanda kike cewa ko kaza aka saka a ciki sai ta nemi a buɗe mata taga. Na san masu karantawa su ne matan da ke bibiyata a intanet, waɗanda kullum suke tambayata yadda ake zuwa Bangkok saro kaya. To, su karanta. Amma da ke nake magana, Umma, domin kin aike ni ban isar da aiken ba.

Kin tuna tafiyarmu ta farko tare? Tun a filin jirgin Dubai kika zazzage jakata. Kika cire takalmin nan mai igiya, kika ce in nemi silifas, don a ƙasar Thailand sau goma mutum zai cire takalmi kafin azahar. Kika sa na yi hoton fasfona na ɗaure a bakin zani. Da muka sauka kika karɓo katin masauki mai rubutunsu kika cusa mini a jaka, kika ce ranar da na ɓata, wannan 'yar takardar ta fi duk Turancina amfani. Ni da digirina, ke ko firamare ba ki ƙare ba, amma ni ce nake bin bayanki kamar baƙauya.

A kwana uku na yi duk abin da kika hana. Na shiga keken nan nasu mai ƙafa uku ban yi ciniki ba, ya zaga da mu rabin gari. Na miƙe ƙafa a shagon mutane tafin yana kallon mai shago, kika make mini gwiwa. Kwabonsu ya faɗi yana gangarawa na take shi da ƙafa, kika mintsine ni har sai da na ga wuta, don hoton sarkinsu ne a jiki. Na kai hannu zan shafa kan wata yarinya, kika riƙe hannun a sama. Har yanzu ina jin muryarki: “Hindatu, a nan kai abin girmamawa ne, ƙafa kuwa a ɓoye ta.”

Amma abin da kika fi nanata mini shi ne murya. Kin san halina. Na saba da cinikin kasuwar Deira ta Dubai, inda ake ɗaga murya, a ce yalla, a ce halas da Larabcin kasuwa, a fice daga shago a yi kamar an tafi har sai an kira mutum. Kika ce wannan haukan in bar shi a Dubai. A can ana ciniki ne da fara'a, a danna farashi a kalkuleta a miƙa, shi ma ya danna nasa ya miƙo, a yi dariya, a haɗu a tsakiya. Wanda ya yi tsawa a bainar jama'a ya zubar da mutuncinsa, ya zubar da na wanda ya yi wa, kuma ba a cika kwashe shi ba.

A wannan tafiyar kika kai ni wurin Mama Noi, tsohuwar nan mai shagon yadi a wani lungu na kasuwar Pratunam ta Bangkok. Sai da muka yi sammako, don kin ce cinikin farko na safe yana da daraja a wurinsu. Na ga ta karɓi kuɗinki tana kakkaɗa su a kan kayan shagon don neman sa'a, ke kuma kina ta bismillah a ranki. Ta haɗa tafukanta ta gaishe ki, kika haɗa naki a ƙirji ba ki sunkuya ba. Kin ce ta san sunkuyonki na Allah ne, ba ta taɓa jin haushi ba. Ba ta jin Hausa, ba kya jin yarensu, amma sai ku yi awa biyu kuna hira da hannu da dariya, ni ina gefe ina hamma.

A jirgin dawowa kika ba ni labarin. Zuwanki na farko, shekara guda bayan rasuwar Baba, ba ki san kowa ba, zazzaɓi ya kayar da ke a cikin shagonta. Ta hau da ke benenta, ta yi jinyarki kwana huɗu. Da ta ga kin ƙi cin komai, ta gane dalili, ta fita ta sayo sabuwar tukunya wadda naman alade bai taɓa shiga ba, ta dafa miki shinkafa mai ruwa-ruwa. Shekara ashirin ke nan ba ki sayi yadi a wani shago ba.

Da ciwo ya ci ƙarfinki a Kano, kwana biyu kafin ki cika, kika kama hannuna. Na zaci maganar gida za ki yi, ko ta ƙannena. Sai kika ce: “Ki je da ƙafarki ki gaya wa Noi, kada ta ji a bakin 'yan kasuwa. Ki ce mata na gode. Ban taɓa samun bakin da zan faɗa mata yadda ya kamata ba.” Na ce to, Umma.

Na je bayan arba'in. Na yi sammako kamar yadda kika saba. Tana ganina ta miƙe, tana leƙa bayana tana nemanki. 'Yarta Dao, wadda take jin Turanci, tana tsaye a gefe. Na faɗa wa Dao, Dao ta faɗa mata.

Umma, murmushi ta yi. Ta gyaɗa kai, ta yi murmushi har haƙoranta suka fito, ta ɗan yi wani sauti kamar dariya, sannan ta juya ta hau gyara yadin da babu abin da ya same shi.

Ban san lokacin da na faɗa cikin shagon da takalmina ba. Na nuna ta da yatsa. Na yi mata Hausa, na yi mata Larabcin kasuwa, na yi mata Turanci don 'yarta ta ji da kyau. Na ce ashe shekara ashirin kuɗinki take so. Na ce uwata ta mutu da sunanta a baki ita kuwa tana yi mini dariya. Duk masu shagunan layin suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta haɗa tafukanta, murmushin yana nan a fuskarta. Na fice, na koma masauki, na canza tikiti na dawo Dubai. Rabin saƙonki na farko kawai na faɗa.

Wata biyar ina ganin ni ce mai gaskiya. Na daina zuwa, na koma saro kaya a nan. Maigidana, baban su Amira, ya ce in yi tunani, na ce ya bar ni, ai shi bai ga fuskarta ba.

Akwai wata Fatima a benenmu, musulma ce daga kudancin Thailand, tana aiki a wani shagon turare. Wata ranar Juma'a muka haɗu a matakala na tambaye ta ya mutanen gida. Ta ce mini mahaifinta ya rasu shekaranjiya, kuma ba ta samu hutun zuwa jana'iza ba. Tana faɗa tana murmushi, irin wancan murmushin sak. Na zaunar da ita na tambaye ta dalilin murmushin. Ta ce a wurinsu ba a ɗora wa mutum nauyin baƙin cikinka, musamman wanda nasa ya fi naka. Ana yin murmushi ne don a riƙe kai, don kada a ƙara masa. Nan take na tuna fuskar Mama Noi.

Da a ce washegari na hau jirgi, da ban rubuta wannan wasiƙar ba. Kunya ce ta hana ni, na yi ta ba ta wasu sunaye. Na ce sai kwantenarmu ta fita daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Na ce sai bayan Sallah. Na ce sai yara sun koma makaranta. Wata huɗu na ƙara a kan biyar ɗin.

Makon jiya na je. Na cire takalmina tun daga bakin layi. Dao na tarar ita kaɗai, sanye da baƙaƙen kaya. Mama Noi ta rasu wata biyu da suka wuce, an yi mata irin tasu jana'izar.

Dao ba ta kore ni ba, kujera ta ba ni da ruwan sanyi. Ta ce ranar nan ina fita uwarta ta rufe shago, ta zauna a matakalar bene tana kuka har yamma, kwana uku ba ta buɗe ba. Ta je wurin wani maƙwabcinsu musulmi ta tambaye shi me ake yi wa mamacin musulmi, ya ce sadaka. Ta sayo kaji a wurin mahaucin musulmi, ta dafa da shinkafa, ta kai ƙofar masallaci ranar Juma'a da sunanki. Kuma duk Bahaushiyar da ta shigo shagon sai ta tambaye ta ina 'yar Hajiya, don ta ɗauka ita ce ta yi mini laifi. Ta hana Dao ta ji haushina, ta ce wadda ta rasa uwa ba a riƙe maganarta.

Na faɗa wa Dao saƙonki, kalma bayan kalma, har da cewa ba ki taɓa samun bakin faɗa ba. Ta haɗa tafukanta ta karɓa. Amma ba wurinta kika aike ni ba, Umma. Matar nan ta bar duniya, magana ta ƙarshe da ta ji daga gidanmu zagina ne. Ba ta taɓa sanin kin gode ba, kuma ni ce na hana ta sani.

Ki yafe mini. Ban san addu'ar da zan yi mata ba, na bar lamarinta ga Allah wanda ya ga abin da ta yi miki. Ke kuwa, Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa aljanna ce makomarki tare da Baba. Ni kuma ya yafe mini amanar da na riƙe har ta rasa mai karɓa. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hindatu