Tattabarunka a Wayarmu

Yaya,

Na tafi shago kana ta minshari.

Ɗazu wata mai ɗinki ta zo, na buɗe wayarmu in nuna mata samfurin da ta zaɓa. Wayam! Ashe ka goge hotunan ɗinkina kaf don bidiyon tattabarunka su samu wuri. Tir! Matar ta kwashi yadinta ta yi gaba.

Ka sani sarai wayar nan ba a sa mata memori, kuma ba taka ba ce kai kaɗai. Har kashin tsuntsu na gani a bayanta, da tsumma na ɗauke ta.

Tana kan firij. Ka goge su kafin in dawo, ko in fara rage na cikin keji. Tukunyata dai ba ta taɓa cewa ta cika ba.

Ƙanwarka