Ka Faɗa wa Lauya Gaskiya

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya haƙuri da zaman wurin nan? 'Yan biyu suna gaishe ka. Tun ranar da 'yan sanda suka ɗauke ka a tashar mota saboda takardar zamanmu ta ƙare, ɗakin nan ya yi mini faɗi. Har yanzu kofi biyu nake ɗaurayewa da safe.

Lauyar ƙungiyar nan mai taimakon 'yan gudun hijira kyauta ta same ni a wurin da nake aikin guga, ranta a ɓace. Ta ce duk abin da ta tambaye ka, lafiya lau kake ce mata. Abincin wurin, ka gode Allah. Abin da sojoji suka yi maka kafin mu gudo, wai ya wuce. Haba Malam, ba surukarka ba ce da za ka riƙa jin kunyarta. Ta ce idan alƙali bai ji daga bakinka ba, mayar da kai za su yi can inda muka baro. Na san halinka, ko ƙafarka ce ta karye murmushi za ka yi. Don Allah wannan karon ka ajiye jarumtar. Ni dai ba na ɓoyewa, kewarka tana neman kayar da ni.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, ya gajiyar jiya? Ina can bencin baya a kotu, kusa da fankar da ba ta aiki. Ka rame, rigar ma ta yi maka yawa. Da lauya ta miƙe ta yi tambayar, na ga ka sunkuyar da kai. Sai kuma ka fara magana.

Ashe dukan da sojojin suka yi maka ne ya kashe kunnenka na hagu. A bakin ƙofar kotu lauya tana ta murna, an hana a mayar da kai, za a sake ka da zarar likita ya duba ka. Ni kuwa na kasa ko yi mata godiya. Tun da muka zo garin nan nake maka tsiya, ina cewa ka iya shariya, in yi ta zuba a gado kana kallon silin. Ko sau ɗaya ba ka ce mini ba ka ji ba ne. Na yi fushi da kai a mota, kafin in sauka kuma tausayinka ya kama ni.

Na juya katifa, na mayar da matashina ɗaya gefen. Ta damanka zan riƙa kwanciya. Ka dawo da wuri, duk abin da na faɗa maka a shekarun nan sai na sake shi daga farko.

Mai jiranka,
Maman 'yan biyu