Saɓa Take Yi, Baba

Delfzijl, 6 ga Nuwamba

Baba,

Ka taɓa ganin an binne maciji don ya yi saɓa? Riƙe amsar tukuna in gaishe ka, kada ka ce har gaisuwar ma na kasa. Ina fatan kana lafiya, gwiwar nan kuma ta bar ka kana hawa keke. Ka gai da Mama, ka ce miyar waken da ta ajiye mini a firji ta yi daɗi.

Takarda na ɗauka domin a waya katse ni kake yi.

Mako biyu na yi a teku muna gyaran manyan fankokin iska masu samar da lantarki. Na ba ka mabuɗin ɗakina da roƙo ɗaya: ka riƙa ƙara ruwa a tankin gilas na kifayena, ka watsa musu abinci. Na dawo na tarar da dutsen cikin tankin fayau, ga 'yar takarda manne a gilas: "Ta ruɓe, na fitar."

Laimar kwaɗi ce, Baba. Murjani mai taushi, halittar teku mai rai da ke manne wa dutse, wanda ku manyan ƙungiyar masu kiwon murjani kuke kira ciyawar 'yan koyo, wai ko a kofin shayi aka jefa shi zai rayu. Ba ta wuce ɗan yatsa ba da na samo ta, shekara uku ke nan, har ta kai faɗin faranti. Ban taɓa tambayarka komai a kanta ba, don na san tsaki zan samu. Laburare na je na kwaso littattafai, ina karatu a jirgi abokan aiki suna karta. Can na koyi cewa irinta takan tsuke, ta janye gashinta kaf, ta yi ƙyalli kamar an shafa mata kakin zuma. Bayan kwana biyar ko mako ta tuɓe fatar, ta buɗe fiye da da. Saɓa take yi. A shafin farko yake. Kai da ka shekara talatin kana kiwon murjani mai tauri, ba ka taɓa sunkuyawa ka duba shafin 'yan koyo ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma Tjitske, mai rubuta rahoton taronku, ta tare ni a kasuwar kifi, ta yi mini ta'aziyya tana danne dariya. Ashe ranar Talata ka miƙe a zauren bayan coci ka ce ɗanka ya kafa tarihi: ya kashe abin da ba ya mutuwa. Aka yi ta ƙyaƙyatawa har kofi ya sarƙe wani. Ta kuma rubuta, zai fito a takardar ƙungiya.

Ina jiran amsarka.

Ɗanka,
Wessel

Delfzijl, 15 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji tari ya kama ka, Allah ya sawwaƙe.

Saƙonka ya iso, ko da yake ba amsa ba ce. Mama ta kawo shi a bas, ta rungume ledar ruwan cikin rigarta kada ya yi sanyi: reshen shuɗin murjanin nan naka da ba ka barin kowa ya matsa kusa da shi. Wai in fara kiwon abin kirki. Na mayar mata. Fitilar tankina ba za ta riƙe shi ba, kafin wata zai yi fari fat, kai ma ka sani. Sai ka samu labari na biyu.

Muna cin burodi da cuku tana ta kare ka: wai ganinka ya ragu, wai tsoro ka ji kada ruɓar ta kashe kifayen. Sai bakinta ya suɓuce. Ashe tana tsaye lokacin da ka ɓamɓaro ta daga dutsen. Ta ce, "Ai sai da na ce masa, Harm, dubi yadda take ƙanƙancewa a hannunka." Kai kuwa ka ce ta miƙo ledar shara.

Abin da ya mutu ba ya ƙanƙancewa. Wannan kam ba sai da littafi ba. Ka ji ta da rai a tafin hannunka, kuma da ka mayar da ita ruwa da ta farfaɗo, don irinsu ko yanka su aka yi tsirowa suke. Amma ka riga ka ce ta ruɓe a gaban matarka, ni kuwa tunda nake ban taɓa jin ka janye magana ba.

Ba na son wani murjani. Sunana nake so a wanke.

Na sa Tjitske ta saka ni cikin masu magana a taron Disamba. Mama ta ce ba za ta zo ba, ban matsa mata ba. Ka sa babbar rigar sanyi, zauren nan ba ya ɗumi. Zan zauna a gaba, kuma tambaya ɗaya zan yi: da rai ka jefa ta a shara ko babu? Ka amsa a tsaye, gaban waɗanda suka yi dariyar, da muryar da ka ba da labarin. Tjitske kuma ta rubuta.

Ɗanka har yanzu,
Wessel