Abin da Inna Balaraba Ta Faɗa a Mandera

Litinin, 14 ga Nuwamba, 1983
Dakta Sulaimanu, mai duba aikin bincikena, ya dawo mini da babi na biyu, jan biro ko'ina. Wai duk abin da na rubuta a kan babbar yunwar da aka yi farkon mulkin Turawa kwashe shi na yi daga rahoton jami'an Turawa. "Safiyya, ina mutanen da suka ji yunwar? Ki je ki nemo su kafin su ƙare." Na ce to. Idan na faɗi wannan aikin, shekara ta tafi, kuma ban san da wane ido zan kalli Baba ba.

Asabar, 10 ga Disamba
Hutu. Ina gida Bodinga. Damina ba ta yi kyau ba bana, kowa maganar hatsi yake. Sabulu ma sai an sha wuya. Na ari rakoda a sashenmu, batir kuwa na zaga kasuwa kafin na samu.

Kaka Rakiya, mahaifiyar Baba, ta tambaye ni abin da nake karantawa. Na ce labarin yunwar zamanin da. Ta tashi ta shige ɗaki. Na ɗauka fitsari ne ya matsa mata.

Asabar, 17 ga Disamba
Shagari, gidan ƙanwar mahaifiyata. Tsofaffi biyu na samu. Ɗaya ba ya ji, ɗayan kuma siyasa kawai yake son yi. Kaset guda ya tafi a banza.

Laraba, 21 ga Disamba
Mandera. An kai ni wurin wata tsohuwa, Inna Balaraba, ba ta gani amma kanta garau. Ta ba ni labarin yadda suka ci ganye da dusa, yadda ake tona gidan tururuwa a nemi tsaba. Don murna na ce a raina yau na samu babi. Sai ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?" Na faɗi sunan Baba, na ce jikar Rakiya ce ni, ta gidan Malam Mamman na Shagari.

Ta ce, "Rakiya ta gidan Malam? Ai Shagari na tashi, gabana anka kawo ta. Uwatta daga wajen Kajiji ta hito, ta aje ta, anka ba ta gero ta tahi. Muna yara, muna kallo. Yarinyar nan ta yi kuka har muryatta ta dushe."

Rakoda na ta juyawa. Ban iya kashe ta ba.

Alhamis, 22 ga Disamba
Ban ci komai ba yau. Duk rayuwata ana ce mana Kaka ɗiyar Malam Mamman ce ta cikinsa.

Laraba, 28 ga Disamba
Na gaya wa Baba bayan ya dawo daga asibiti, ko rigar aiki bai cire ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. "Makarantar da na kai ki ke nan? Ki je ki tono wa uwata asiri ki kai wa malamai su ba ki maki?" Na ce ba zan sa suna ba. Ya ce ko da suna ko babu, in ya ji maganar nan ta fita, karatun ya ƙare.

Daga yadda ya yi, na gane ya sani tun da can.

Asabar, 31 ga Disamba
Sojoji sun karɓe mulki. Rediyo sai kiɗan soja. Waɗanda suka zo daga Shagari, garin shugaban ƙasar da aka hamɓarar, sun ce gari ya yi tsit, ko masu shayi ba su fito ba. Baba na tsoron za a fara korar ma'aikata. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kaset ɗin nan kawai nake tunani.

Laraba, 4 ga Janairu, 1984
Baba ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Idan na cire Inna Balaraba, babina ya zama fanko. Idan na bar ta, na rasa Baba. Na gwada rubuta "wata yarinya", na yage. Kowa a Shagari zai gane. Ko ba zai gane ba? Ban sani ba. Kaina ciwo.

Juma'a, 6 ga Janairu
Da hantsi ina tsince wake a tsakar gida, Kaka ta zo ta zauna kusa da ni, ta sa hannu tana taya ni. Can ta ce, "Balaraba na nan da rai ashe." Na kusa zubar da tiren.

Ta ce ta ji mu da Baba ranar nan. "Ubanki Yahaya na jin kunya. Ni ba ni jin kunya, ni dai ban samu wanda ya tambaye ni ba." Na ce, "Kaka, ki yi haƙuri." Ta ce, "Ɗauko abin naki mai ɗaukar magana."

Ba ta tuna fuskar uwarta. Ta tuna zanen saƙi baƙi, da yadda uwar ta tauna ɗan gero ta sa mata a baki kafin ta miƙa ta. Akwai ƙanenta goye a baya, shi aka tafi da shi. Gidan Malam sun riƙe ta da kyau, ba ta da abin cewa a kansu. Amma shekara da shekaru in an buɗe ƙofa sai ta duba.

"Sunan uwata Lami. Ki rubuta shi. Ba don ba ta so na ta ba da ni ba. Ta ga in na bi ta mutuwa za ni yi."

Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar wake.

Lahadi, 8 ga Janairu
Kaka ta kira Baba ɗakinta, sun daɗe. Da ya fito idonsa ja. Bai ce in rubuta ba, bai ce kar in rubuta ba. Gobe zan koma makaranta. Ina tsoro har yanzu.

Juma'a, 10 ga Fabrairu
Makaranta ba daɗi. Abincin da ake ba ɗalibai ya ragu, ana ta raɗe-raɗin za a sa mu biyan komai, ɗalibai na taro a ɓoye. Na miƙa babin. Dakta ya karanta a gabana, ya kai wurin Lami ya tsaya. "Wannan Rakiyar, kin san ta?" Na ce kakata ce. Ya cire tabarau, ya ce, "Ta yarda?" Na ce ita ta ce in sa. Ya ba ni gyara kaɗan, na manta ma ban tambaye shi ko ya yi ba.

Asabar, 17 ga Maris
Na zo gida kwana biyu. An sallami mutum uku a wurin aikin su Baba, shi Allah ya tsare. Ya rame. Mun gaisa sosai yau, har ya tambayi jarrabawa.

Aikin ya tafi wurin mai buga tafireta, ba abin da zan ƙara a ciki. Duk da haka na tambayi direbobin tasha ranar da mota ke shiga Kajiji, suka ce Talata. Ba wani abu ba ne, so nake in ga wurin kawai. Wataƙila akwai tsohon da ya san wata Lami mai goyon namiji. Wataƙila babu.

Na gaya wa Baba, ina jiran faɗa. Ya ce hanyar ba ta da kyau, mace ba ta bin ta ita kaɗai, kuma ranar Talata ba shi da aiki.