Kada a Sako Ruwa Yau

Baba,

Na fita kana barci, ka yi haƙuri. Jiya da yamma na ga attaruhun Malam Ashiru, maƙwabcinmu a lambu, ya yanƙwane alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Na tumɓuke ɗaya, gindin ya yi baƙi, saiwar ta ruɓe. Kuma ruwansa ne ke gangarowa cikin namu. Gabana sai faɗuwa yake.

Na tafi kasuwa neman wani maganin feshi da ake kira fosfait. Malamin gona ya ce mai lafiya yake karewa, ba ya ta da matacce.

Na san ka, da ganye ya langaɓe sai ka sako ruwa. Don Allah yau kada ka buɗe wa attaruhunmu ruwa. Ba ƙishi ba ne, Baba. Ruwan ne ke kawo cutar.

Muktar