Ramar Tafiya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da Inno da su Fiddausi da mutanen Gawon Nama. Ya kasuwar shanu?

Kun yi faɗa na daina aiko hoto. To ga dalili. Kwanakin baya wata tsohuwar Baturiya da nake kula da ita a gidan tsofaffi ta riƙe hannuna, ta ce na yi "haggard". Da na tambayi ma'ana, aka ce mutumin da wahala ta zuƙe, ido ya faɗa, kumatu sun shige. Na duba madubi, ba ta yi ƙarya ba. Aiki ne ya haɗu da karatun jinya, ga sanyin Ingila. Amma ina cin abinci, kada hankalin Inno ya tashi. Ta dai aiko mani da yajinta.

Baba, ku kuka koya mani cewa saniyar da doguwar tafiya ta ramar daban take da mai ciwo. Tawa ramar tafiya ce. Kun ce in dawo, ku yi haƙuri. Saura wata huɗu jarrabawa, kuma ba zan taka Sakkwato ba sai da takardata a hannu. Ranar ku dube ni da idonku na mahauci, ku faɗi ko na yi ƙarya.

Ku sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Jafar