Buhu Tara da Aka Mayar Mini

Litinin, 3 ga Maris

An mayar mini da ƙwallon kashuna daga siton ƙungiyar manoma, buhu tara, wai bai bushe ba. Kuma ba kowa ya mayar ba sai ’yar cikina, wadda aka ɗora kan duba kaya bana. Ta tsaga ƙwallo da almakashi a gaban jama’a, ƙwayar ta fito da laushi, wata har ta soma baƙi. “Baba, ka yi haƙuri. In ya shiga, zai ɓata na kowa.” Har da durƙusawa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Motar mai saye Asabar za ta zo. In ban shiga ba, sai dai in zubar wa dillalai a wulaƙance.

Talata, 4 ga Maris

Shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Nakan ɗebi ƙwallo in girgiza a kunne, in ƙwaya ta yi ƙara a ciki, ya bushe. Na girgiza, na ji, na ɗura. Yanzu almakashi ne zai koya mini sana’a?

Na dai zazzage a kan tamfol. Buhu biyu na ƙasa sun yi gumi, suna warin rima. Uwar yara ta ce buhun taki ne, ba ya shan iska, kuma mun bar ragowar tsoka a jikin ƙwallon. Na ce ta ji da tukunyarta.

Laraba, 5 ga Maris

Juyi, juyi, juyi. Bayana kamar zai tsage. Hadari kuma sai leƙe yake yi mana.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba zan gaya wa kowa wannan ba. Na tsinci ɗanye a gindin bishiya, faɗuwar yau, na girgiza. Ƙarar nan na ji. Na ɗauko busasshe na bara, ita ce dai. Sai na dunƙule hannu babu komai a ciki, na kai kunne na girgiza.

Na ji ta.

Na daɗe zaune a gona. Tsoro ya kama ni, kuma na ji haushin kaina.

Juma’a, 7 ga Maris

’Yar tawa ta zo da buhunan algarara masu shan iska, ban ce ta kawo ba. Ta tsaga, ta tsaga, ni ina gefe ina cin magani. Bakwai sun yi. Biyun nan sun tafi, ko awaki ba za su kalle su ba. Ban gode mata ba, bakina ya ƙi.

Asabar, 8 ga Maris

Mota ta ɗauki bakwai. Sabon da muka tsinta kwana uku zai yi a rana, kuma na ce uwar yara ta riƙa girgiza mini, wai don wuyan hannuna na ciwo. Ta ce to, ba ta ko dube ni ba.

A bakin sito yarinyar ta zagayo ta haguna ta ce, “Baba, likitan kunne yana zuwa Laraba.” Sai yau na lura tun bara ta wannan gefen take yi mini magana.

Na ce Laraba ina da aiki. Amma ba mai yawa ba ne.